Darɓar kabeji: sunanta a jikin kwalba da yadda ake kawar da ita

Wata shekara cikin hunturu, kabejinmu yana da kwana talatin da 'yan kai da dashe, na shiga wani shagon magungunan gona na ce wa yaron shagon darɓa ta kama mana lambu. Ya ce, "Yallaɓai, ƙwari ne dai ko?" Na ce ƙwari ne. Ya miƙo mini kwalba, ya ce wannan ita kowa ke saye. Na fesa sau biyu, kwana goma suka wuce, darɓa tana nan kamar ruwa na watsa mata. Kafin nan kabejin ya fara ƙunsa, ta shige cikin kai. Ranar da malamin gona ya zo, ya juya kwalbar, ya ɗora yatsa a kan jerin sunayen ƙwarin da ke jikinta, ya ce, "Malam, duba nan. Maganin tsutsa aka ba ka, sunan taka ba ya ciki." Sai ya karɓi biro ya rubuta mini kalma ɗaya a bayan rasit: aphids.

Wannan kalmar da abin da ke bayanta nake so in shimfiɗa wa masu noman kabeji daki-daki. Mu da Hausa muke noma, amma kwalbar magani da Turanci take magana, a Nijar kuma da Faransanci. Wanda ya san ƙwaron da ido amma bai san sunansa a jikin kwalba ba, abin da aka miƙo masa shi zai ɗauka.

Mataki na farko: ka tabbatar darɓar ce

Kada ka yanke hukunci daga bakin fangali. Ka durƙusa, ka kama ganye ka juya bayansa, sannan ka buɗe ƙananan ganyen tsakiya inda kai zai fito. A wuraren nan biyu take zama.

Darɓa ƙwaro ne ɗan mitsitsi, tsawonsa kamar milimita 2 ne, wato bai kai ƙwayar gero ba. Jikinta laushi gare shi, in ka murza da yatsa sai ta fashe. Ba ta zama ita kaɗai, a cunkushe za ka same su, manya da ƙanana, kuma in ka taɓa ganyen ba sa tashi, ba sa gudu. Wannan rashin gudun babbar alama ce. Ba ta cin ganye ta bar huji. Bakinta kamar allura yake, tana soka shi ta tsotse ruwan jikin shuka. Shi ya sa ganyen da ta kama yake nannaɗewa, ya yi ɗofane-ɗofanen ruwan ɗorawa, shukar ta tsumbure. Abin da ta tsotsa ya yi mata yawa sai ta fitar da shi, wani ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda daga baya baƙin abu kamar kunkunniya yake fitowa a kansa. In ka ga ganye yana maiƙo yana kama hannu, ko kiyashi suna hawa da sauka a jikin shuka, ka juya ganyen.

Yanzu ka bambanta ta da maƙwabtanta, domin a nan ake yin kuskuren da na yi. In ka ga huji a ganye, ko wani wuri da aka kankare ya zama kamar leda, ga kuma ƙaramar koriyar tsutsa da ke wutsil-wutsil ta sulalo da zare in an taɓa ta, wannan tsutsar kabeji ce, wadda Turawa ke kiran uwarta diamondback moth. In kuwa ka girgiza shuka wasu ƙananan fararen ƙwari suka tashi fuu kamar ƙura, farin ƙuda ne, whitefly. Sau da yawa tsutsa da darɓa suna haɗuwa a lambu ɗaya, amma maganin da ke kashe ɗaya ba lallai ya taɓa ɗayar ba.

Ita kanta darɓar da ke kama kabeji iri uku ce sananna. Akwai mai launin toka, wadda jikinta ke lulluɓe da wani farin gari mai kama da kaki, in sun taru sai ka ce an barbaɗa wa ganyen toka. Ta fi son wuri mai sanyi. Akwai koriya mai duhu, wadda garin jikinta bai kai na ta farko ba, ita ce ta fi jure zafi. Akwai kuma koriya mai haske, wani lokaci da ɗan ja-ja, wadda ba ta da gari, ba ta cunkushewa sosai, ta fi zama a bayan tsofaffin ganyen ƙasa, kuma tana kama tattasai da barkono da dankalin turawa. A Ghana, masu binciken da suka bi gonakin kabeji sun tarar waɗannan biyun na ƙarshe su ne suka fi addabar manoma. Ka riƙe launin taka a ranka, zai yi maka amfani nan gaba.

Mataki na biyu: ka koyi sunan da yadda ake amfani da shi

Ƙwaro guda ɗaya sunansa aphid. In suna da yawa a ce aphids, kuma wannan jam'in shi za ka fi gani a jikin kwalba, tunda ba wanda ke yaƙi da guda ɗaya. Haruffan nan biyu, p da h, a haɗe suna ba da sautin f ne, don haka "efid" ake cewa, wasu su ce "afid", duka biyun ana ji. In ka ce "afid" a shago ba a gane ba, rubuta masa.

Amma aphid sunan dangi ne gaba ɗaya, kamar yadda darɓa take a bakinmu. Irinsu a duniya ya kai kusan 5,000. Bature in yana so ya ware guda, sai ya sa sunan shukar a gaba. Ta kabeji mai launin toka ita ce cabbage aphid. A Ingila sukan ƙara kalma su ce mealy cabbage aphid, kalmar mealy tana nufin mai gari-gari, saboda farin garin nan na jikinta. Koriya mai duhu ita ce mustard aphid ko turnip aphid. Koriya mai haske kuwa green peach aphid suke ce mata. Abin lura a nan: cabbage aphid sunan iri ɗaya ne tak, ba kowace darɓar da ka gani a kan kabeji ba. In kana nufin kowace iri ce, sai ka ce aphids on cabbage. Bambancin ƙarami ne, amma in kana neman bayani a waya yana canza abin da zai fito maka.

A tsofaffin littattafan aikin gona za ka iya cin karo da plant lice, ma'ana kwarkwatar shuka, sunan da duk wanda ya taɓa ganin yadda suke manne wa ganye zai yarda ya dace. Mutanen Ingila kuma suna cewa greenfly ga koraye, blackfly ga baƙaƙe. Duk darɓa ce. A Nijar, inda rubutun kwalba da takardun malaman gona suke da Faransanci, kalmar ita ce puceron, jam'i pucerons. Ta kabeji mai toka su ce puceron cendré du chou: cendré mai toka, chou kabeji. Manomin da ke Maraɗi ko Ƙonni, wanda magani ke zuwa masa daga ɓangarorin iyaka biyu, gara ya san kalmomin biyu.

Sai sunan kimiyya, wanda ba ya canzawa a kowace ƙasa. Mai launin toka Brevicoryne brassicae, kuma tun 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya bayyana ta. Koriya mai duhu Lipaphis erysimi, mai haske Myzus persicae. Ba sai ka haddace ba, amma ka kwafe su a takarda ka ajiye, domin wasu kamfanonin da waɗannan sunaye suke jera ƙwarin.

Ga amfanin da za ka yi da sunan tun yau. Ka ɗauki waya ka rubuta cabbage aphid a Google, ka shiga wajen hotuna, ka tsinko ganye daga lambunka ka ɗora kusa da fuskar wayar. In sun yi kama, ka samu tabbaci. In za ka tura wa malamin gona hoto ta WhatsApp, ka ɗauki bayan ganyen daga kusa, da rana, ka sa tsinken ashana a gefe don a gane girman ƙwaron. Wasu kalmomin da ke tafiya tare da ita: infestation na nufin ƙwarin sun mamaye, colony tarinsu a wuri ɗaya, nymph ƙaramar da ba ta girma ba, honeydew ruwan danƙon nan, sucking insects kuwa ƙwari masu tsotsa, dangin da darɓa ke ciki. Wannan ta ƙarshen ka riƙe ta da kyau, don wata kwalbar ba za ta rubuta aphids ba, sai dai ta ce sucking insects.

Dattawanmu da suka noma gyaɗa sun san wannan dangi tun kafin mu. Baƙar darɓar da ke kama wake da gyaɗa, Aphis craccivora, ita ke ɗaukar cutar da ke tsumburar da gyaɗa, wadda a 1975 ta lalata kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya. Ta kabeji ma tana ɗaukar cututtuka daga shuka zuwa shuka, irin waɗanda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, kuma shukar da ta kamu da su ba ta da magani sai cirewa.

Mataki na uku: ka riga ta zuwa

Abin da ke sa darɓa ta fi ƙarfin mutum shi ne saurin haihuwarta. A ƙasa mai zafi irin tamu macen ba ta jiran namiji, ba ta kuma yin ƙwai. 'Ya'ya take haifa rayayyu, dukansu mata, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana goma su ma sun fara haihuwa. Guda biyar da ka raina ranar Juma'a, bayan Juma'a biyu sun rufe ganye. In wuri ya cika musu, sai wasu su fito da fukafukai, iska ta kwashe su zuwa fangali na gaba. Ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe su, shi ya sa da damina ba su cika yin yawa ba. Lokacinsu shi ne rani da hunturu, daidai lokacin da masu lambu a Kadawa da Kura da fadamun Zariya da Katsina suke da kabeji a ƙasa.

Saboda haka dubawa ita ce rabin aikin. Sau biyu a mako, da safe, ka ratsa lambun a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka duba shuka kamar ashirin, kada ka tsaya a na bakin hanya kawai. Ka fi mai da hankali ga gefen da iska ke shigowa da gefen da ke maƙwabtaka da tsohon kabejin wani, domin ta nan masu fukafukai ke fara sauka. Suna son launin ruwan ɗorawa. Ka samu roba mai wannan launi, ka zuba ruwa da ɗan sabulu, ka ajiye a tsakiyar lambu daidai tsayin shuka. Ranar da ka ga ƙananan ƙwari masu fukafukai sun faɗa ciki, baƙi sun iso. Robar ba za ta kare maka lambu ba, ƙararrawa ce kawai.

Lokaci biyu ne ba a wasa da su. Na farko wajen reno, kafin dashe. Irin da aka cire da darɓa a jikinsa ya raba ta ga lambu duka a rana ɗaya, don haka ka juya ganyen kowane dami kafin ka dasa, musamman in sayowa ka yi. Wasu na rufa wa wajen reno gidan sauro. Yana hana uwar tsutsa shiga, amma ramukansa ba su cika tare darɓa ba, kuma in ta shiga ƙwarin da ke cinta suna waje, sai ta yi yadda take so. In ka rufa, ka riƙa ɗagawa kana dubawa. Na biyu shi ne lokacin da ganyen tsakiya ya fara lanƙwasawa zai ƙunsa. Kafin wannan lokaci kabeji na iya jure darɓa kaɗan ya murmure. Da zarar kai ya rufe a kanta, ba feshin da zai same ta yadda ya kamata, kuma dillali a kasuwar 'Yankaba ta Kano ko ta Farin Gada a Jos in ya ɓare ganye biyu ya ga toka-toka, kuɗin da zai taya maka sai ranka ya ɓaci.

Wani abin da na daɗe ban yarda da shi ba sai da na gani da idona: yawan takin yuriya yana kiran darɓa. Ganyen da ya sha yuriya ya yi shar, ya yi laushi da ruwa, shi ta fi so. Ka raba takin kashi-kashi, ka haɗa da takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Kabejin da ƙishirwa ta kama shi ma ya fi saurin galabaita a hannunta, don haka kada ban ruwa ya yi tsalle.

Mataki na huɗu: abin da za ka yi kafin ka je shago

In shuka kaɗan ce ta kamu, hannu ya isa. Ka murje tarin da yatsa, ka tsinke ganyen ƙasa da suka cika, ka zuba a buhu ka fitar daga lambu ka binne. Kada ka yar a kan kunya, za su koma. Shukar da ta tsumbure gaba ɗaya ka tuge ta. In kana ban ruwa da inji, ka matse bakin tiyo ka wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi, yawancin waɗanda suka faɗo ba sa iya komawa.

Kafin ka fesa komai, ka duba ko kana da mataimaka. Akwai ƙaramin ƙwaron nan mai zagayayyen baya, ja ko ruwan lemo da ɗigo-ɗigon baƙi, wanda Turawa ke kira ladybird. Shi da 'ya'yansa, waɗanda ke kama da ƙanƙanin kada mai duhu, darɓa ce abincinsu. Akwai wata tsutsa mara ƙafa, koriya-koriya, da za ka gani kwance a tsakiyar tarin darɓa, ita ma ci take yi. In kuma ka ga wasu darɓar sun kumbura sun bushe, sun zama ruwan ƙasa kamar ƙwayar riɗi, wasu da ɗan rami a baya, wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya yi ƙwai a cikinsu, ɗansa ya cinye su daga ciki. Inda waɗannan suka yi yawa, ka ba su kwana uku ka sake dubawa. Na sha ganin manomi ya ga 'ya'yan ladybird ya ɗauka su ne ɓarayin, ya fesa musu guba, bayan mako biyu darɓa ta dawo ninki, babu mai tare ta.

Sai darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi. Ƙwallon 'ya'yanta ya fi ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, ka wanke naman, ka shanya a inuwa su bushe, ka fasa ka fitar da ƙwayar ciki, ka zubar da duk wadda ta yi fumfuna. Ka daka a turmi har ta yi laushi. Ma'aunin shi ne giram 30 zuwa 50 na garin ga kowace lita ɗaya ta ruwa, wato injin goyo mai lita 16 zai ci daga kusan rabin kilo zuwa giram 800. Ka jiƙa da yamma ya kwana, washegari ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, don guntun da ya tsallake shi ke toshe bakin inji. Ka narka ɗan sabulun wanki ko sabulun salo ka zuba. Sabulun ba ado ba ne. Ganyen kabeji santsi gare shi, ka zuba masa ruwa ka ga yadda yake gangarewa dunƙule-dunƙule, ita ma darɓar mai toka garin jikinta yana korar ruwa. Sabulu ne ke sa maganin ya kwanta ya jiƙa ta. Kada ka sa garin wanki mai ƙarfi, yana ƙona ganye, kuma kowane haɗi ka fara gwada shi a shuka biyar ka jira kwana ɗaya.

Ruwan darbejiya ba ya kashewa nan take. Yana hana ƙwaron ci, yana hana ƙananan girma, sai bayan kwana biyu ko uku za ka ga bambanci. Rana tana kashe ƙarfinsa, don haka da la'asar sakaliya ake fesawa, a ranar da aka tace, a kuma maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Wanda ya fara da wuri, sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

Mataki na biyar: a shago, ka karanta kafin ka biya

In darɓa ta ci gaba da yaɗuwa kuma kai ya kusa rufewa, to sai maganin kanti. Ka tafi da ganyen da ya kamu a cikin leda, da takardar da ka rubuta sunan. Kada ka ce "maganin ƙwari". Ka ce, "Alhaji, maganin aphids nake so na kabeji, a ba ni in duba jikin kwalbar." Mai shagon kirki ba zai ji haushi ba.

Abu huɗu za ka nema. Na farko jerin ƙwari da amfanin gona: kana so ka ga aphids ko pucerons, kana kuma so ka ga cabbage, ko vegetables, ko chou. Maganin da aka yi don auduga kaɗai ba na abin da za a ci ɗanye ba ne, kuma kabeji da yawa ɗanye ake yanka shi a kan shinkafa da wake ko a haɗin salak.

Na biyu sinadarin da ke ciki, wanda ake rubutawa a ƙarƙashin active ingredient, da Faransanci matière active. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa na kasuwa ne, kamfani goma na iya sayar da sinadari ɗaya da suna goma. Acetamiprid da imidacloprid da thiamethoxam 'yan gida ɗaya ne, suna shiga jikin shuka, don haka suna samun ƙwaro mai tsotsa ko da ya ɓuya. Irin wannan ake rubuta wa systemic. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin wani gidan ne, sai sun taɓa jikin ƙwaro suke aiki, shi ne contact, kuma suna kashe mataimakan nan naka ba sani ba sabo. Pirimicarb, in an samu, darɓa ya fi nufa, yana kuma raga wa yawancin masu cinta. Wanda aka rubuta wa Bacillus thuringiensis na tsutsa ne zalla, ba ya yi wa darɓa komai, emamectin benzoate ma don tsutsa aka fi yin sa. A nan launin da na ce ka riƙe yake shigowa: koriyar nan mai haske ta yi suna a duniya wajen sabawa da guba. In ka fesa sinadari ɗaya sau biyu a jere, na uku ka koma wani gidan. Canza sunan kasuwa alhali sinadarin ciki ɗaya ne ba canji ba ne.

Na uku kwanakin jira tsakanin feshi da girbi. Da Turanci pre-harvest interval, a taƙaice PHI, da Faransanci délai avant récolte, a taƙaice DAR. In an rubuta kwana 14 kai kuma saura kwana biyar ka yanka, wannan kwalbar ba taka ba ce, ka koma wa darbejiya da sabulu. Wannan magana tana ci mini rai, domin kabejin da muke kaiwa kasuwa 'ya'yan wasu ne za su ci, namu ma daga lambun ake tsinko musu. Darɓar da ta rage a ganye ruwan gishiri yana fitar da ita a kicin, gubar da ta shiga jikin ganye kuwa wanki ba ya fitar da ita. Fiya-fiya da sauran abin da ake ɗurawa a kwalbar da ba rubutu, kada su kusanci lambunka.

Na huɗu lambar rajista da ranar lalacewa. A Najeriya lambar NAFDAC, a Nijar lambar amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, wanda ake taƙaitawa CSP. Kwalbar da rubutunta ya goge ko murfinta ya taɓa buɗuwa, ka mayar.

Mataki na shida: feshin kansa

Ma'aunin da aka rubuta shi za ka bi, da murfin awo ko sirinji, ba da ido ba. Ƙari ba ya ƙara kisa, ganye yake ƙonawa ya bar guba. Ka sa riga mai dogon hannu da dogon wando da takalmin roba, ka rufe hanci da baki, ka sa safar hannu. Ka fesa da yamma in iska ta kwanta, ka ba iska baya. Yadda ake riƙe sandar feshin shi ne inda mutane da yawa ke asarar kuɗinsu: suna tafe suna watsawa daga sama kamar masu yayyafi, alhali darɓa tana ƙarƙashi. Ka juya bakin sandar ya kalli sama, ka shigar da shi ƙarƙashin ganye, sannan ka ba tsakiyar shukar nata. Aikin zai ɗauki lokaci ninki biyu, haka ya kamata ya ɗauka. In darɓar a gefe ɗaya take, gefen kaɗai za ka fesa da 'yan layukan da ke kusa.

Bayan ka gama, kada ka wanke inji a bakin rijiya ko a magudanar da jama'a da dabbobi ke sha. Kwalbar ka ɗauraye ta sau uku ka juye ruwan a cikin injin, ka huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha. Ka yi wanka da sabulu kafin ka ci abinci. Ka rubuta ranar feshi da sunan sinadarin. Bayan kwana uku ka koma ka juya ganye. Matacciyar darɓa takan bushe ta canza launi, mai rai in ka murza za ta jiƙa maka yatsa.

Mataki na bakwai: bayan an yanka

Kututturen kabeji da aka bari a ƙasa yana sake tohowa, kuma wannan tohon shi ke riƙe darɓa har sabon dashe ya taso. Da an gama girbi a tuge su duka, a ba dabbobi in kwanakin jiran magani sun cika, ko a binne. Kada ka yi sabon wajen reno a gindin tsohon lambu. Fangalin da ya yi kabeji bana, baɗi a sa masa albasa ko masara, tunda mai toka da koriya mai duhu dangin kabeji kawai suke ci. Tattasai da barkono ba su cika zama mafita ba in koriya mai haske ce ta dame ka.

Wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne, domin masu fukafukai ba su san iyakar gona ba. In kuna da yawa a fadama ɗaya, ku yi magana ku daidaita lokacin dashe da lokacin share kututture. In abin ya fi ƙarfinku, ku kira malamin gona na hukumar raya aikin gona ta jiharku, a Kano KNARDA, ko ku nemi bayanan cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a Nijar kuma ma'aikatan gona na yankinku da cibiyar bincike ta INRAN. In za ku je, ku tafi da ganyen a leda, da kwalaben da kuka riga kuka fesa, da ranakun da kuka fesa su.